Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi daga Maraɗi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu son jawo tsuntsayen daji zuwa gida ko garka, domin kallo ko domin hoto, a Maraɗi da garuruwan kewaye. Mafi yawan shawarwarin da ake karantawa a intanet a kan wannan sha'ani an rubuta su ne domin ƙasashen sanyi, inda yunwar hunturu ce babbar damuwar tsuntsu. A nan ƙishirwa ce, kuma wannan bambanci ya shafi kusan kowace amsa.

Ciyar da tsuntsayen daji a gida ba al'adar Turawa ba ce?

Sayen kwando na musamman da abinci a leda daga kanti, wannan kam tasu ce. Amma ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko lokacin bazara, ko watsa musu tsaba a matsayin sadaka, abu ne da iyayenmu suka daɗe suna yi, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa akwai lada a cikin kyautata wa kowace hanta ɗanya, wato kowane mai rai. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sussuka da surfe ya san yadda kurciya da baiwar Allah suke kewaya turmi. Abin da ya zo sabo shi ne mutum ya zauna ya lura da su da gangan, ya bambanta wannan da wancan, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma ɗauki hoto.

Da me ya kamata in fara, ruwa ko tsaba?

Da ruwa. Ruwan saman da Maraɗi take samu a shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Daga lokacin da tafkuna da kududdufai suka ƙafe, Gulbin Maraɗi ya koma rairayi, har zuwa faɗuwar damina, tsuntsu mai cin tsaba yana iya samun abinci a saura da bakin rumbu, amma ruwa sai ya yi tafiya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kasko ɗaya na ruwa mai sanyi ya fi tiya guda ta hatsi jan tsuntsaye.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi mai kallo kansa. Tsaba tana kiran masu cin tsaba ne kawai, alhali ruwa yana kiran kowa: masu cin ƙwari, masu cin ƴaƴan itace, masu shan zaƙin fure, har da baƙin da suke zuwa daga Turai, waɗanda ba za su taɓa kallon hatsi ba. Wanda yake son yawan iri, ba yawan kawuna ba, ruwa ne jarinsa.

Wane irin mazubi ne ya dace da ruwan, kuma yaya ake shirya shi?

Kaskon ƙasa mai faɗi, irin wanda ba a shafe shi da fenti ba, shi ne ya fi, saboda yana tsatsafo kamar randa, ruwan yana yin sanyi, kuma ƙafar tsuntsu ba ta santsi a kansa. Kwanon ƙarfe yana ɗaukar zafi, roba kuma tana da santsi. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, a gefe kuma ya zama kamar santimita 2, a jefa duwatsu biyu ko uku waɗanda kawunansu suka fito sama domin ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa. Wannan batu na zurfi ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar da muka fara mun yi amfani da bokiti rabi, da safe muka tarar da asisi biyu sun faɗa sun kasa fita.

Idan aka rataye gora ko jarka a saman kaskon, aka huda ta da allura yadda za ta riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya, motsin ruwan da ƙararsa suna sa tsuntsaye su gano wurin da wuri. Batun sauro da sauya ruwa yana cikin amsar da ta shafi tsabta.

Wane abinci ake ba su?

Hatsi, wato gero, shi ne kan gaba, domin ƙwayarsa ƙarama ce, kuma kusan duk masu cin tsaba suna iya ɗauka. Ga ƙanana sosai kamar baiwar Allah da asisi, tsaki ya fi musu sauƙi, haka ma ɗan abin da ya rage a ƙaiƙayi bayan shiƙa. Dawa ta fi dacewa da kurciya da hasbiya. Riɗi da tsakin shinkafa ma ana ci. Zangarniyar hatsi da aka ɗaure a reshe tana da amfani biyu: ba ta zuba ƙasa ta tara ɓeraye, sa'annan tsuntsun da ya maƙale yana tsattsagar ta ya fi kyau a hoto a kan wanda yake tsaye cikin faifai.

Masu cin ƴaƴan itace suna son gwanda da aka tsaga biyu, da gwaiba, da mangwaro, da ɓawon kankana mai sauran tsoka, a soke su a ƙusa ko a tsinken reshe, a kuma cire su kafin dare. Yawan abincin kuwa, a zuba abin da zai ƙare a wuni ɗaya. Tafi ɗaya ko biyu sun isa a farko.

Akwai abin da bai kamata a ba su ba? Gyaɗa fa?

Kada a ba su abinci mai gishiri, ko mai yaji, ko mai maiƙo, kuma ragowar tuwo da miya, da burodin da ya yi funfuna, ba abincinsu ba ne. Hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari domin ajiya, da irin shuka da aka gauraye da maganin kariya, wanda yakan zo da launin ja ko shuɗi, guba ne kai tsaye.

Gyaɗa tana bukatar dogon bayani, tun da Maraɗi ƙasar gyaɗa ce, kuma littattafan Turawa suna yawan yaba ta. Gyaɗar da ta sha laima a wurin ajiya tana kama wani funfuna mai fitar da dafin da ake kira afalatoksin, wanda yake lalata hanta, kuma tsuntsaye ba su da juriyarsa. An gano wannan dafi ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Dafin ba ya tafiya da suya. Saboda haka gyaɗar da mutum ba zai ba ɗansa ba, wato mai ɗaci, ko yamutsattsiya, ko mai baƙi a ciki, kada ya ce ai tsuntsaye za su ci. Idan za a bayar, a ba da mai kyau, dakakkiya, kaɗan, kuma ban da lokacin damina. Ra'ayinmu shi ne hatsi ya wadatar, ba sai an shiga wannan kasada ba.

A wane wuri a cikin gida zan ajiye kaskon da abincin?

A inuwa, kusa da itace ko shinge, amma ba a cikin duhuwa ba. Tsuntsu yana son ya fara sauka a reshe ya duba kafin ya sauko, yana kuma son wurin gudu idan shaho ya kawo hari, to amma idan kaskon yana manne da tarin kara ko ganyen da kyanwa za ta laɓe, an haƙa masa tarko ne. Tazarar mita 2 zuwa 3 daga maɓoya ta yi daidai. A ɗaga abincin a kan turke ko tebur mai tsayin ƙugu, a bar wani kaɗan a ƙasa mai shara domin kurciyoyi, waɗanda a ƙasa suka saba kiwo. A nisanta shi da madafa, da akurkin kaji, da hanyar da yara suke kai da komo.

A sababbin unguwanni masu gidajen tagogin gilashi, tsuntsun da ya firgita yakan daki gilashi yana zaton sarari ne. Maganinsa shi ne a ajiye abincin dab da tagar, ƙasa da mita ɗaya, yadda ba zai samu gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma a kai shi can nesa. Mai niyyar hoto ya karanta amsar da ta shafi haske kafin ya kafa turke, domin kada ya sake tumɓukewa.

Na yi kwana biyar da ajiyewa, ban ga ko ɗaya ba. Me ya faru?

Ba abin da ya faru. Sabon abu a tsakar gida yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin a yarda da shi, kuma galibi kurciya ko gwara ne suke fara sauka, sauran su biyo. Kada a riƙa sauya wa kaskon wuri, a riƙa zubawa a lokaci ɗaya kullum, gara da sassafe. Idan an fara ne a tsakiyar damina ko da kaka, lokacin da ruwa da abinci suka wadata ko'ina, jiran zai fi haka tsawo.

Waɗanne tsuntsaye zan sa ran gani a cikin garin Maraɗi?

An ƙidaya sama da iri 500 na tsuntsaye a Nijar baki ɗaya, amma a gida mai itace ɗaya ko biyu, iri goma sha biyar zuwa ashirin a shekara abu ne mai yiwuwa. Kurciya mai ɗige-ɗige a ƙirji kamar sarƙa ita ce ta kullum. Hasbiya ta fi ta girma, tana da jar fata kewaye da ido. Bardo ƙarami ne mai dogon wutsiya, namijinsa baƙar fuska gare shi. Baiwar Allah ba ta wuce santimita 10 ba, namiji ja, mace ruwan ƙasa da ja a gindin wutsiya. Asisi shuɗi ne mai haske, kuma jan tabo a kunci shi yake nuna namiji. Sai gwara mai kai ruwan toka, da kabare mai saƙa sheƙa a rataye, da shaya mai sheƙi, wadda wata irinta take da ciki ruwan makuba, wata kuma ido rawaya.

Waɗanda ruwa ko ƴaƴan itace suke kawowa sun haɗa da cilakowa, da sha-kauci mai siririn lanƙwasasshen baki, da tsirya idan unguwar tana da manyan itatuwa. Tsanwaka da alhudahuda ƙwari suke ci, ba za su taɓa tsaba ba, amma sukan tsaya a kan katanga ko su yi kiwo a ƙasa mai danshi. Abin lura ga mai zama kusa da kasko shi ne yadda suke sha: dangin kurciya suna tsoma baki su zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, mafi yawan sauran kuwa sai sun ɗebo sun ɗaga kai sama a kowace kurɓa.

Da damina na ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da farin baki yana bin baiwar Allah. Mene ne shi?

Wannan yana daga cikin abubuwan ban mamaki da ake gani ba tare da an fita daga gida ba. Tsuntsu ne da ba ya yin sheƙa. Macen, wadda take da launin ƙasa da zane-zane kamar gwara, tana saka ƙwanta a cikin sheƙar baiwar Allah, ita kuwa ta ƙyanƙyashe shi ta yi renonsa tare da nata ƴaƴan, domin alamomin da ke cikin bakin ɗan baƙon sun yi kama da na ƴaƴanta. Ba ya jefar da ƴaƴan masu gida, tare suke tashi. Idan namijin ya girma, yana haɗa kukan baiwar Allah a cikin nasa, macen kuma da wannan kukan take zaɓen miji. Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi wannan kukan gidan da aka rene shi yake yi.

Baƙin launin nasa rigar aure ce. Da rani yakan koma kamar macen. Haka kabare, da mulufi mai ja da baƙi, da zalaidu mai dogon wutsiya suke yi, shi ya sa masu farawa suke zaton waɗannan tsuntsaye sun yi ƙaura da rani, alhali wasunsu suna nan a gaban kaskon cikin tufafin gida.

Wane lokaci na shekara da na wuni ne ya fi?

Domin yawan zuwa, bazara, daga Maris zuwa saukar ruwan farko. Domin launi, damina da farkon kaka, saboda dalilin da aka faɗa a amsar da ta gabata. Shamuwa tana isowa gabanin ruwa, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta koma kudancin Afirka bayan damina. Daga Satumba da Oktoba kuma ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suna ƙetaro Hamada daga Turai, su zauna da mu har Maris ko Afrilu. Alaƙarsu da ƙasarmu ba ta wasa ba ce: bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, masu ƙidaya a Birtaniya sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai a 1969, kuma bincike ya nuna cewa a wannan yanki namu ne yunwa da ƙishirwa suka cinye su.

A wuni kuwa, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa dab da magariba. Da tsakar rana a bazara sukan zo sha bakinsu a buɗe saboda zafi, amma hasken lokacin ba na hoto ba ne.

Ba zan jawo wa manoma janbaki da wannan ciyarwa ba?

Tambaya ce mai nauyi a ƙasar da hatsi yake rayuwa. Janbaki shi ne tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kimanin biliyan ɗaya da rabi, kuma garkensa yana bin ruwan sama da tsabar ciyawa ne a faɗin ɗaruruwan kilomita. Tafin hatsi a tsakar gida ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Duk da haka, wanda gidansa yake bakin gari, gonaki na kewaye da shi, ya kyautu ya dakatar da tsaba daga lokacin da hatsi ya fara fitar da kai har a gama girbi, ya bar ruwa kawai. A lokacin tsuntsayen ba su bukatar ta, kuma ba daidai ba ne maƙwabci yana kaɗa gwangwani yana kora, wani yana kira.

Yaya ake kiyaye tsabta, kuma ruwan ba zai haifar da sauro ba?

Sauro yana bukatar kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma a cikin ruwa kafin ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Wanda yake zubar da ruwan kullum, ya goge kaskon, ya zuba sabo, bai ba shi wannan dama ba. Wanda zai yi tafiya kuma babu mai kula masa, ya kife kaskon.

Babban haɗarin yana kan tsuntsayen ne, domin wurin da aka tara su nan cuta take yaɗuwa. Akwai wata ƙwayar cuta da take kama maƙogwaron dangin kurciya, tana bi ta yawu a ruwa da tsaba, kuma ita ce ta ƙarar da ɗimbin ƙananan tsuntsaye a lambunan Birtaniya tun daga wajen 2005. Alamarta ita ce tsuntsu ya kumbura gashi, ya yi zugum, yana ƙoƙarin haɗiya ya kasa, bakinsa a jiƙe. Ƙwayar ba ta jure bushewa, don haka ranarmu magani ce. Ya fi kyau a mallaki kasko biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana shanya. Sau ɗaya a mako a wanke da ruwan jabel, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye sosai. A share ƙasan wurin, a wanke hannu da sabulu, kuma kada soson wannan aiki ya haɗu da na kwanukan gida. Idan aka ga marar lafiya, a ɗauke komai na tsawon mako biyu zuwa uku domin taron ya watse.

Ina kiwon kaji da tattabaru. Zan iya haɗawa?

Za a iya, da sharaɗin raba mazubi da raba wuri. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar a watan Fabrairun 2006 ta Magariya, ta kuma sake ɓullowa a wasu shekaru bayan haka, ga kuma cutar da take kashe kaji duk hunturu. Duk lokacin da ma'aikatar kiwo ta sanar da ɓullar cuta a yankin, a daina ciyarwa gaba ɗaya. Mataccen tsuntsu ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, kuma idan sun mutu da yawa a lokaci ɗaya, a sanar da likitan dabbobi. Mai babbar gonar kaji kuwa, shawararmu ita ce ya je wani wuri ya yi kallonsa.

Kyanwa, da shaho, da yara masu danƙo fa?

Kyanwa, tazarar da aka faɗa a amsar wurin ajiyewa ce maganinta, tare da zagaye gindin turken da ƙayar magarya ko ta aduwa. Shaho kuwa shi ma tsuntsu ne yana neman abincinsa, a bar shi, in an yi sa'a ma a samu hotonsa. Yara su ne suka fi wuya kuma suka fi sauƙi. Tsawa ba ta hana harbi, sai dai ta mayar da shi bayan katanga. Abin da muka ga yana aiki shi ne a ba yaro aikin sauya ruwa da ƙidaya, a bar shi ya leƙa ta madubin hangen nesa, domin wanda ya taɓa ganin idon asisi kusa da kusa hannunsa yakan yi nauyi. Manya kuma su sani cewa dokar farauta da kare namun daji ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ta shafi tsuntsaye, kuma kafa tarko a bakin kasko domin sayarwa ba ya cikin wannan sha'ani.

Wayar salula ta isa ɗaukar hoton tsuntsu?

Ta isa, idan aka daina ƙoƙarin jawo hoton da yatsu, wanda ba ya ƙara komai sai dushewa. Dabarar ita ce a kai wayar kusa, mutum ya yi nisa. A kafa ta a kan mazauni mai ƙafa uku, ko a jingina ta da dutse, kamar taku biyu daga kaskon, daidai tsayin ruwan, a kunna bidiyo mafi inganci da take da shi, a tafi a bar ta minti goma ko ashirin. Daga baya a tsayar da bidiyon inda ya yi kyau a ciro hoto. Akwai kuma ɗan maɓalli maras waya da ake dannawa daga ɗaki. A yi wa wayar inuwa, domin rana tana sa ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Mai madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42 da masu kallo suka fi so, yana iya ɗora idon wayar a kan idon madubin, kuma da ɗan sabo ana samun hoton da ya isa a gane tsuntsu.

Idan zan sayi kyamara, wace iri, kuma yaya zan saita ta?

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon gilashin gaba, ba jikin kyamarar ba. Ga tsuntsu mai girman baiwar Allah a tazarar mita 4 ko 5, ana bukatar gilashi mai milimita 300 zuwa 400 ko fiye. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba kyamarori masu gilashi a manne da suke jawo nesa sosai, kamar Nikon P900 da P950 masu ninki 83, ko Canon SX70 mai ninki 65. Raunin waɗannan yana fitowa ne a ƙarancin haske, abin da ba mu cika fama da shi ba, ga shi kuma ba a buɗe su balle ƙura ta shiga.

A wajen saiti, saurin ƙiftawar kyamara shi ne na farko. Tsuntsun da yake tsaye yana bukatar 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa, mai wanka ko mai tashi 1/2000 ko fiye. A buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/6.3, a bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, ya daidaita kansa. A zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya a ɗora shi a kan ido, domin idan ido ya fito tar an yafe wa sauran jiki, idan kuwa ya dushe hoton ya tashi a banza. A kunna ɗauka a jere, a kashe ƙarar kyamara da fitilarta. Farin tsuntsu kamar balbela yana bukatar a rage haske kaɗan don kada gashinsa ya ƙone, baƙi mai sheƙi kamar shaya kuma sai rana ta dake shi ta gefen da ya dace kafin shuɗi da korensa su bayyana.

Me ya sa hotunana suke fitowa da bokiti da igiyar shanya a baya?

Domin an fara ajiye kasko kafin a yi tunanin hoto. A zauna a inda za a riƙa ɗauka, rana tana bayan mai ɗauka, wato yana fuskantar yamma da safe ko gabas da yamma, a duba abin da ke bayan kaskon. Katangar ƙasa, ko zana, ko ganye mai nisan mita 3 ko fiye daga tsuntsun, suna narkewa su zama launi ɗaya mai laushi. Sa'annan a ɗaure wani reshe mai kyan siffa, na gawo ko na magarya, sama da kaskon kaɗan. Kusan kowane tsuntsu zai tsaya a kansa na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya sauka, kuma a nan ake ɗaukarsa, babu faifai babu kasko. A riƙa sauya reshen don kada hotuna ɗari su zama iri ɗaya.

Kyamara ta kasance daidai tsayin idon tsuntsu, ko da mutum zai kwanta a tabarma. Maɓoya kuwa ba sai an saya ba: tagar ɗaki mai labule, ko zana da aka yi wa ƙofa, ta wadatar. Motsi ne yake korar su fiye da launin tufafi. Hazon hunturu, wanda kowa yake kuka da shi, yana tausasa haske yadda inuwa ba ta yin kaifi, kuma a tazarar mita 5 ba ya dusar da komai.

Yaya zan kare kayan daga ƙura da zafi?

Kada a sauya gilashi a waje lokacin iska. A hure ƙura da ƴar robar hurawa kafin a goge, domin shafa tsumma a kan rairayi karce gilashi ne. A ajiye kyamara a jaka mai rufi, kada a bar ta cikin mota a rana, a kuma tanadi batir na biyu saboda ɗaukewar wuta.

Na ga sheƙa a rumfar gidanmu. Zan iya ɗaukar hoton ƴaƴan?

Daga nesa, na ɗan lokaci, ba tare da taɓa komai ba. Yanke ganyen da ya rufe sheƙa domin hoto ya fito yana nuna wa hankaka da rana inda ƴaƴan suke, kuma uwar da aka hana ta komawa minti goma a zafin Mayu tana iya rasa su. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta da suka ɗauka. Kunna kukan tsuntsu daga waya domin a jawo shi ma muna ganin a bar shi a lokacin sheƙa, tun da namijin yana barin aikinsa ne ya fito neman abokin gaba da babu shi.

Akwai wani haƙƙin kuma, na mutane. Dogon gilashi da aka nufa saman katanga yana iya zama abin zargi a unguwar da iyali suke tsakar gida. A sanar da maƙwabta abin da ake yi, a nuna musu hotunan, kada a hau soro da kyamara ba da saninsu ba, kuma a nisanci wuraren jami'an tsaro.

Yaya zan san sunan abin da na ɗauka, kuma ina zan kai bayanan?

A fara da dattawa, da manoma, da mafarauta, domin sunayen Hausa da yawa suna bakinsu ne kawai, kuma suna bambanta tsakanin Katsinawa da Gobirawa da mutanen Damagaram, don haka a rubuta suna tare da garin da aka ji shi. Jagoran tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey yana nan da Turanci da Faransanci. Manhajar Merlin kyauta ce, tana ba da shawarar suna daga hoto, amma shawara ce, a gwada ta da littafi. A riƙe ɗan littafin rubutu: kwanan wata, lokaci, iri, da mafi yawan da aka gani a lokaci guda.

Wanda yake son bayanansa su amfani masu bincike yana iya shigar da su a shafin intanet na eBird, wanda jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe a 2002, ko ya shiga ƙidayar tsuntsaye ta kwana huɗu da ake yi duk watan Fabrairu, wadda aka fara a 1998 kuma ta zama ta duniya a 2013. Minti goma sha biyar a tsakar gida sun isa shiga. Yankinmu yana cikin wuraren da masu aiko da bayanai suka yi ƙaranci, saboda haka jerin kurciya da gwara daga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi yana da daraja fiye da yadda mai shi yake zato.

Bayan kasko da tsaba, me zai ƙara yawan tsuntsaye a gida, kuma ina zan je idan ina son ganin wasu?

Itace. Magarya, da kurna, da ɓaure, da cediya suna ba da ƴaƴa da ƙwari da wurin sheƙa. Furen zogale yana kiran sha-kauci. Gawo yana da ganye da fure da rani, daidai lokacin da baƙin Turai suke nan suna neman ƙwari, alhali bedi, duk da inuwarsa, ƙwarinsa kaɗan ne. A rage feshin maganin ƙwari, a bar wani lungu da ciyawa ta yi tsaba. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona, wanda ya bunƙasa daga wannan jiha tun shekarun 1980, ya mayar da miliyoyin itatuwa gonakin Maraɗi da Damagaram, kuma gona irin wannan wurin kallo ce mai kyau da kaka.

Ga tsuntsayen ruwa, tafkin Madarunfa, kimanin kilomita 20 kudu da gari, wanda aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya a 2019, ya fi cika da baƙi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Garakan bakin Gulbi sun fi kusa, ana zuwa a dawo kafin hantsi. Kafin a nufi dajin Baban Rafi ko Gadabeji ta wajen Dakwaro, a tambayi ma'aikatan gandun daji izini da halin tsaron hanya a wannan makon, a tafi da ɗan gari, a kuma bar wanda zai sauya ruwan kasko a gida.